Dariya mai wa'adi: yadda katun ɗin Kirsimeti na Amurka ke wasa da abin da ake yayi

A shirin farko na The Simpsons da tashar Fox ta nuna ranar 17 ga Disamba 1989, akwai wurin da Homer, maigidan, yake zaune a ajin koyon aikin Santa Claus, dattijon nan mai farin gemu da jajayen kaya wanda a Najeriya aka fi sani da Fada Kirsimeti. Malamin ajin ya ce ya lissafo sunayen barewin da ke jan keken Santa. Sunaye takwas ne da kusan kowane yaro a Amurka ya haddace, asalinsu wata waƙa ce da aka buga a 1823. Homer ya fara daidai, Dasher, Dancer, Prancer, sai ƙwaƙwalwa ta cije. Inda ya kamata ya ce Vixen ya ce Nixon. Inda ya kamata ya rufe da Donner da Blitzen, ya haɗe su ya ce Donna Dixon. Malam ya ce masa ya zauna.

Sakan kaɗan ne, amma ƙulli biyu ne a ciki. Yaro ɗan shekara bakwai zai yi dariya saboda ƙaton mutum ya kasa abin da shi ya iya. Uban yaron kuwa dariyarsa daban ce, domin Nixon shi ne shugaban ƙasar da ya sauka daga mulki cikin abin kunya a 1974, kuma tunanin a ɗaura masa igiya yana jan keke a sararin sama ya isa ban dariya. Donna Dixon kuma wata 'yar fim ce da aka sani a talabijin farkon shekarun 1980. Yau Nixon yana nan a littattafan tarihi, don haka rabin rahar tana da rai. Donna Dixon fa? Matashin Ba'amurke ma sai ya bincika a waya kafin ya san ko wace ce. Duk da haka wurin bai mutu ba, saboda ko ba ka san kowa a cikinsu ba kana ganin wawa yana kame-kame da ƙarfin hali, kuma sunayen sun yi amo ɗaya da na ainihi.

Wannan shi ne abin da ya sa katun ɗin Kirsimeti ya bambanta da sauran shirye-shiryen barkwanci. Shirin mako-mako yana iya taɓo ɗan siyasar da ya yi katoɓara jiya, a yi dariya, a wuce, ba wanda zai waiwaye shi. Shirin Kirsimeti kuwa tun ranar da aka fara zana shi burin masu shi a riƙa maimaita shi duk Disamba, shekara goma, ashirin, hamsin. Can kuɗin yake. Saboda haka marubucinsa yana tsakanin ja biyu: yana son manyan da ke zaune gefen yara su ji ana magana da su da harshen wannan shekarar, kuma yana tsoron ranar da jikokinsu za su kalla su ga ana ta dariya kan mutanen da ba su taɓa jin labarinsu ba.

Salon ya kafu ne a shekarun 1960, lokacin da manyan tashoshi uku kacal ke riƙe da talabijin ɗin Amurka, kuma kamfani guda kan ɗauki nauyin shiri sukutum don ya tallata hajarsa kafin sayayyar ƙarshen shekara. Mister Magoo's Christmas Carol ya fito a 1962. Rudolph, labarin barewa mai jan hanci da aka yi da 'yan tsana, ya biyo baya a 1964 da kuɗin General Electric. Sai Charlie Brown a 1965, Grinch a 1966, Frosty a 1969. Shi kansa Rudolph ɗan talla ne tun haihuwa, domin wani ma'aikacin kantin Montgomery Ward mai suna Robert May ne ya ƙirƙire shi a 1939 don ɗan littafin da za a raba wa yaran masu sayayya.

Masu shirye-shiryen wancan zamani suna da dabarar cin moriyar taurari ba tare da sun jingina rahar a kansu ba. Kamfanin Rankin da Bass kan ɗauko sanannen mawaƙi ko ɗan rawa ya zama mai ba da labari, sannan a sassaƙa 'yar tsana mai kama da shi. Burl Ives ya zama mutumin ƙanƙara mai ɗan gemu a Rudolph, Fred Astaire ya zama masinjan gidan waya mai dogon haɓa a shirinsu na 1970. A Grinch kuwa, daraktan shirin, Chuck Jones, ya ɗauko Boris Karloff, mutumin da ya tsorata duniya a matsayin dodon Frankenstein a 1931, ya ba shi karatun labarin yara. Iyayen 1966 sun ji muryar sun gane, kuma wannan ganewar kanta raha ce. Yaron yau bai san Karloff ba, abin da yake ji kawai murya ce mai kauri da sanyi da ta dace da mugun da ke sace kayan biki. Bai yi asarar komai ba. Tauraron ado ne aka ɗora a sama, ko an cire shi ginin yana tsaye.

A Charlie Brown Christmas ya cancanci a daɗe a kansa, domin kusan duk wanda ya zo bayansa ko dai yana kwaikwayonsa ko yana zolayarsa. CBS ta nuna shi ranar 9 ga Disamba 1965. Charles Schulz ne ya rubuta, Bill Melendez ya ja ragamar zanen, Lee Mendelson ya shirya, duk cikin 'yan watanni. Manyan tashar da suka gani kafin a saka ba su ji daɗinsa ba. Tafiyarsa a hankali take. Yara na gaske ne suka yi muryoyin, wasunsu ma ba su iya karatu ba, sai an faɗa musu layi su maimaita, shi ya sa maganar take fita a gutsuttsure. Kiɗan jaz ne na Vince Guaraldi a maimakon waƙoƙin yara. Kuma Schulz ya ƙi yarda a saka dariyar nan da ake naɗa a riƙa sakowa bayan kowace raha don a nuna wa mai kallo inda zai dara. Daren da aka nuna shi, kusan rabin masu kallon talabijin a ƙasar shi suke kallo.

Barkwancinsa kusan duk daga rijiya ɗaya ake ɗebo shi: yara suna magana da bakin manya. Lucy ta kafa ɗan teburi a cikin ƙanƙara ta zama likitar ƙwaƙwalwa, kuɗin ganin likita senti biyar, kuma kafin ta saurari matsalar Charlie Brown sai da ta girgiza gwangwanin ta ji daɗin ƙarar kuɗi. Wannan habaici ne ga Amurkar lokacin, inda zuwa wurin masu ba da shawara kan damuwa ya zama abin yayi a birane. Da aka tambaye ta me take so a ba ta kyauta, ta ce ta gaji da kayan wasa, filaye da gidaje take so. Sally, ƙanwar Charlie Brown, ta sa shi ya rubuta mata wasiƙa zuwa ga Santa, ta ce idan jerin kayan ya yi masa yawa ya aiko da tsabar kuɗi kawai, 'yan goma-goma da ashirin-ashirin. Babu sunan kowa a nan, babu abin da zai tsufa. Muddin akwai yaro mai son kuɗi a duniya, wurin zai ci.

Inda ya taɓo abin yayi ma, a hankali ya taɓo. Schroeder yana kaɗa Beethoven a ɗan fiyanonsa, Lucy ta ce ita ba ta ga girman Beethoven ba, tunda ba a taɓa buga hotonsa a katin cingam ba. A lokacin kamfanonin cingam suna saka katunan hotunan 'yan wasa da taurari a cikin kwali, yara suna tarawa suna musaya. Ko ba ka san wannan ba, ka gane nufin: yarinya tana auna darajar babban mawaƙi da ma'aunin kanti. Sai kuma bishiyar alminiyam. Daga ƙarshen shekarun 1950 Amurkawa sun rungumi bishiyar Kirsimeti ta ƙarfe mai ƙyalli, har da masu launi. Lucy ta aiki Charlie Brown ya sayo babba, mai ruwan hoda in da hali. Shi da Linus suka shiga kasuwar bishiyoyi, Linus ya ƙwanƙwasa ɗaya ta yi ƙara kamar garwa, shi kuwa Charlie Brown ya tsallake su duka ya ɗauko wani ɗan tsiro na gaske mai rassa ƙalilan, ganye na zuba. Cikin shekara biyu kasuwar bishiyar alminiyam ta faɗi, kuma ana yawan danganta faɗuwar da wannan shiri. Abin da aka yi wa ba'a ya ɓace, ɗan tsiron kuwa ya zama suna: har yau idan Ba'amurke ya ga bishiya ramammiya sai ya ce ta Charlie Brown ce, kuma kantuna suna sayar da irinta ta roba.

Akwai abin dariyar da ba Schulz ya rubuta ba. Shirin da ke kukan an mayar da biki kasuwa, Coca-Cola ce ta biya kuɗinsa, kuma a nunin farko sunanta ya fito a cikin zanen kansa, daga baya aka yanke. Wuri guda ne shirin ya ajiye wasa gaba ɗaya, inda Linus ya tsaya a tsakiyar dandali ya karanto labarin makiyaya da haihuwar Almasihu daga sura ta biyu ta Linjilar Luka. Abokan aikin Schulz sun ji tsoron saka nassin addini a katun, shi kuwa ya dage. Shiru da aka yi a wurin ya yi nauyi ne saboda an riga an sha dariya kafinsa.

Bayan shekara ashirin da huɗu, waɗannan shirye-shiryen sun zama su ne abin yayin da ake taɓowa. Yaran da suka tashi suna kallonsu duk Disamba su ne suka girma suka zama marubutan The Simpsons. Sunan shirin ma, Simpsons Roasting on an Open Fire, murɗa layin farko ne na wata tsohuwar waƙar Kirsimeti da Nat King Cole ya yi suna da ita, aka cire 'ya'yan itacen da ake gasawa a wuta aka saka iyalin Simpson. Labarin kuwa na talauci ne tsagwaronsa. Mai kamfani ya soke garaɓasar ƙarshen shekara. Marge, uwargida, ta kwashe kuɗin da ta yi shekara tana tarawa a kwalba ta biya likita ya goge zanen da ɗansu Bart ya je aka yi masa a dantse. Homer ya ɓoye wa iyalinsa halin da ake ciki, ya shiga daji da dare ya saro bishiya a gonar wani (yayyen matarsa suka lura akwai gidan tsuntsu a maƙale a jikinta), ya kama aikin Santa a babban kanti. Ranar biya aka ce masa dala 120 ne, sai aka fara cirewa: haraji, inshora, kuɗin horo, kuɗin kaya, hayar gemu. Dala 13 ta rage.

A nan ne wurin da ya fi kowane daɗi yake. Wani abokin shan Homer ya ce su tafi filin tseren karnuka su yi caca da 'yan kuɗin. Homer ya ƙi, Bart ya lallashe shi da hujjar cewa talabijin ta koya masa abu ɗaya, mu'ujiza ba ta tsallake yaran talakawa a Kirsimeti, ta faru ga Tiny Tim, ta faru ga Charlie Brown, ta faru ga 'yan Smurfs. Homer ya yarda, suka kama hanya, sai ya waiwayo ya tambaya wane ne Tiny Tim. Tiny Tim shi ne gurgun yaron nan na littafin Charles Dickens na 1843, wanda kusan duk labarin Kirsimeti na Turanci daga gare shi ya sha nono. Marubutan sun san cewa a cikin masu kallo akwai wanda bai san shi ba, sai suka ba shi wakili a cikin shirin. Wanda ya sani ya yi wa Homer dariya, wanda bai sani ba ya ga ɗan'uwansa. Kowa ya samu rabonsa.

A filin tsere aka sanar da wani kare mai suna Santa's Little Helper, wato ɗan aiken Santa, wanda aka ba shi damar ci ɗaya cikin ɗari, 99 da 1. Homer ya ce wannan alama ce, ya zuba dala 13 ɗin duka. Kare ya zo na ƙarshe, da nisa. Bart ya tsaya sororo yana mamakin yadda talabijin ta ci amanarsa. Da nan aka tsaya, da shirin ya zama gatse kawai. Amma a wajen fili mai karen ya kore shi, kare ya ruga ya faɗa hannun Homer, Homer ya fara zaginsa da cewa asararre ne, abin tausayi ne, sai ya tsaya ya gane cewa siffar gidansu ce yake lissafawa. Suka kai shi gida, iyali suka ɗauka kyautar da uba ya yi ta wahala a kanta ke nan.

Ga wayon: sun yi wa mu'ujizar Kirsimeti ba'a a fili, sannan suka shigo da ita ta bayan gida. Kusan duk katun ɗin Kirsimeti mai zafin baki haka yake ƙarewa, kuma ba na ganin hakan tsoro ne. Zolaya tana buƙatar abin da kowa ya haddace. Wanda ya taso yana kallon tashe ya san haka, domin wasan da ake dawowa da shi kowace shekara, kowa ya san amshinsa, shi ne ɗan sauyi kaɗan a cikinsa yake kwantar da mutane da dariya. Idan aka rushe tsarin gaba ɗaya, baɗi babu abin murɗawa.

Futurama, na Matt Groening mai The Simpsons ɗin, ya kai abin mataki na gaba a shirinsa na Disamba 1999. Labarin a shekara ta 3000 yake, inda Santa mutum-mutumi ne da aka saita masa ma'aunin kirki ya yi tsauri, don haka kowa a wurinsa mai laifi ne, yana yawo da makamai, mutane suna kulle ƙofofi tun kafin magariba. A farkon shirin an nuna kan Conan O'Brien, sanannen mai barkwancin dare na lokacin, a ajiye cikin kwalba yana ci gaba da sana'a. Ya buɗe da raha kan fargabar da ake yi cewa kwamfutoci za su rikice idan aka shiga shekara ta 2000, wani daga cikin masu kallo ya daka masa tsawa cewa an gyara wannan tun shekaru ɗaruruwa. An nuna wannan ne saura kwana goma sha biyu a shiga 2000, ana tsakiyar fargabar. Marubutan sun ɗauki rahar da ta fi kowace saurin lalacewa, suka mayar da lalacewar tata ita ce rahar. Shi ya sa yau ta fi daɗi a kan ranar da aka yi ta.

A cikin shirin dai suka taɓo tsohon labarin O. Henry na 1905, inda mata ta sayar da gashinta ta saya wa miji sarƙar agogo, shi kuma ya sayar da agogon ya saya mata matajin gashi. A Futurama mutum biyu suka sayar da gashinsu don su saya wa wani mataji, sai na ukun, wanda halittarsa ba ta da gashi ko ɗaya, ya cire hula aka ga shi ne ya saye gashin duka biyun ya ɗora a kansa. Wanda ya karanta O. Henry ya ci riba biyu, wanda bai karanta ba ya ga kai mai gashi kala biyu.

Shrek the Halls, wanda ABC ta nuna a Nuwamba 2007, a nan nake ganin salon ya fara nuna gajiya. Fina-finan Shrek dama a kan taɓo abin yayi aka gina su, waƙoƙin rediyo, tallace-tallace, shaguɓe ga Disney. A na Kirsimetin, Shrek ya sayi littafin koyon biki da aka yi wa suna irin na jerin littattafan nan na koyar da 'yan koyo. An gane, an murmusa, shi ke nan, babu abin da ya biyo baya. Kyanwar nan mai takobi kuma, da muryar Antonio Banderas, kwaikwayo ce ta Zorro, jarumin takobin da Banderas ɗin ya fito a matsayinsa a fim ɗin 1998, amma wurinta mafi kyau ba shi da alaƙa da Zorro: tana tsakiyar ba da labari cikin taƙama sai ta hango wani ɗan abu yana lilo, ta manta da mutunci ta hau mari kamar kowace mage. Haka ɗan biskit ɗin nan mai siffar mutum, wanda a wurinsa Santa dodo ne, tunda al'adar Amurka ce a ajiye wa Santa biskit da madara ya ci da dare. Wannan ba ambaton kowa ba ne, bin al'adar aka yi har inda hankali ya kai ta, aka tambayi yadda abin yake a idon wanda ake ci.

South Park ma daga nan ya fito, daga wani ɗan gajeren katun na 1995 da wani jami'in Fox ya sa Trey Parker da Matt Stone su yi masa don ya raba wa abokai a matsayin gaisuwar Kirsimeti. Sun saka Annabi Isa cikin wasan da Musulmi da Kirista mai kishin addininsa duk ba za su zauna kallo ba. Ya kamata iyaye su san cewa zane ba shi ke nuna abu na yara ne ba. The Simpsons da Futurama don manya da matasa aka yi su, South Park kuwa don manya zalla.

Mai kallo daga Kano ko Jos ko Maraɗi, wanda ya ci karo da waɗannan a tauraron ɗan'adam ko a waya, a kullum yana matsayin jikan nan da marubuci ke tsoro. Nisan wuri yana yi wa raha abin da nisan zamani ke yi mata. Saboda haka shi ne alƙalin da ya fi dacewa: abin da ya ba shi dariya shi ne abin da ke tsaye da ƙafarsa. Masu fassara sun daɗe da sanin wannan ciwo. Da aka juya Shrek zuwa Sifaniyancin Latin Amurka, ɗan barkwancin Meziko Eugenio Derbez ya yi muryar Jaki, kuma bai bi Eddie Murphy, mai muryar Jakin a Turanci, layi-layi ba, ya zubar da abin da ba zai ci ba ya cusa karin maganar titin ƙasarsa. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa su ma haka suke yi, su saka wa jarumin Mumbai kalmar da samari ke yayi a majalisa, ɗaki ya ɗauki shewa. Dabarar tana ci nan take, sai dai ba ta kashe matsalar, sabon wa'adi kawai take ɗaura wa rahar. Kalmar majalisa ba ta kai ɗan fim daɗewa a bakin mutane, kuma fassarar da aka cika da ita kan riga fim ɗin da ta fassara tsufa.